Taran Da Na Mayar Sha Tara

Matata Lai'atu 'yar Godogodo ce, 'yar manomi, kuma shekara goma sha takwas ke nan tana koyar da fiziks a wata sakandare a Kafanchan. Ni Eli, lissafi nake koyarwa. A cocinmu duk takardar da za a buga, ko katin aure ne, sai ta bi ta hannuna na duba.

Shekara biyar ta yi tana fama da digiri na biyu. Ta koyar Litinin zuwa Alhamis, Juma'a ta kama hanyar jami'a, ta dawo ta tarar da wanki da yara uku, Ƙauna da ƙannenta. A shekara ta biyar aka rubuto mata cewa in ba ta kare aikinta a gaban malamai a wannan zangon ba, za a soke sunanta.

Abin da take bincike, ta sha yi mini bayani ina gyangyaɗi. Idan nutron, wani ɗan mitsitsin ɓangaren ƙwayar zarra, ya daki ƙwayar yuraniyom ta fashe, wasu nutron sukan fito nan take, wasu 'yan kaɗan kuma sai sun makara, daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya har wajen minti guda. Waɗannan masu makarar su ke ba mutum sararin riƙe linzamin injin nukiliya. Ita tana duba yadda yawansu ke canjawa da ƙarfin nutron ɗin da ya yi dukan.

Ranar da za a ɗinke littafin, ta ba ni na kai wa mai buga takardu, don tana da aji. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na buɗe, na ga wani jeri: sha shida, sha shida, sha bakwai, sai tara. Na ce lallai mai bugu ya haɗiye ɗaya. Na sa ya mai da shi sha tara, na dawo gida ban ko faɗa mata ba, don a ganina ƙaramin gyara ne.

Ranar karewa na zauna a kujerar baya. Malamai biyar a gaba, da wani furofesa baƙo mai furfura. Ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta ce a cikin fashewa dubu ana samun masu makara wajen sha shida, amma idan ƙarfin dukan ya yi yawa sosai, sukan ragu zuwa tara.

Nan take na gane abin da na aikata.

Furofesan ya buɗe littafin, ya daɗe yana kallon shafi ɗaya. "Madam, bakinki ya ce tara, littafinki ya ce sha tara. Wanne aikinki ya ba ki, wanne kika ƙirƙira?"

Ƙirƙirar lamba a jami'a hukuncinta kora. Lai'atu ta karɓi littafin, ta duba shafin. Ta san wanda ya kai shi bugu. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai.

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe," in ji ta.

"Wane irin kuskure? Wanda zai ƙera inji da wannan lambar zai ɗauka yana da birkin da ba shi da shi."

Ta ƙi ambaton sunana. Macen da aka tarbiyyantar a gidajenmu ba za ta kwance wa mijinta zane a gaban mutane ba, ko da shekara biyar ɗinta za su tafi a banza. Na ji tsoro, na ji kunya, kuma na fi minti guda ina manne da kujerar nan kamar an sa mini gam. Wannan mintin har yau yana cina.

Na miƙe. Na ce ni ne mijinta, ni na canja lambar, ban san komai a kan nutron ba, karambani ne ya kai ni.

Aka fitar da mu waje. Minti arba'in muna tsaye a baranda. Da aka kira ta, sai da ta nuna musu lissafinta na asali a kwamfuta layi-layi kafin suka ba ta wata uku ta gyara ta kawo.

A hanyar komawa gida muka sauka a Sabon Tasha, muka shiga motar Kafanchan. Tana kallon taga ta ce, "Baban Ƙauna, na ga lokacin da ka gane. Ina ta ƙirgawa a raina ko za ka tashi."

Na ce, "Ai na tashi."

"Ka tashi," in ji ta. "Amma na kai sittin da huɗu."