Bahagon da Na Tsaya wa a Besbol

Ƙanin matata ne ya jawo mini wannan jarabar. Ya yi karatu a Amurka, ya dawo Landan da digiri da ciwon besbol, ya kama flat a Stratford. Duk Lahadin da muka je gidansa cin abinci, kafin a sauke tukunya ya kunna talabijin ya fara yi mini karatu: wannan shi ne mai jifa, wancan mai sanda, idan ya bugi ƙwallon sai ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo inda ya tashi. Ni a Fagge na girma, ƙwallon ƙafa na sani da dambe. Wasan da ƙato zai tsaya a fili yana taunar cingam yana gyara hula, ban ga abin kallo a cikinsa ba.

Wata Lahadi sai na tarar da shi yana musu da maƙwabcinsa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai shagon wayoyi a kusa da tasha. Har jijiyar wuya suke tayarwa. Na tambayi abin da ya haɗa su, ƙanin matata ya ce ai ba kan manyan 'yan wasa suke faɗa ba, kan yara ne. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙanana a ƙarƙashinta, aji-aji kamar makaranta. Samari suna wasa a ƙananan garuruwa, suna yawo a bas, kowa na fatan ranar da za a kira shi sama. Yawancinsu har su gaji su koma gida ba a kira su ba. Su biyun nan kowa ya zaɓi yaro ɗaya ya ce wannan ne zai fito. Wanda yaronsa ya fara taka babban fili, sauran su dafa masa abinci su wanke tukwane.

"Yaya, ka shigo mu zama uku," in ji ƙanin matata.

Na ce ban san komai ba. Dattijon Kumasi ya ce shi ma da ya fara bai sani ba, kuma har yanzu ba ya karanta lissafin da ƙanin matata yake haddacewa. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

"Malam, cinya kawai za ka duba," ya ce da ni. "Yaro in cinya nashi ya cika, sauran duka zai zo."

Shi yaronsa wani gajere ne kakkaura, mai tsugunawa a bayan mai sanda yana cafe ƙwallo. Na ƙanin matata kuwa mai jifa ne da duk masana suke yabo. Suka zaunar da ni suka yi ta nuna mini guntayen bidiyo, fuskoki sai wucewa suke, duk iri ɗaya a idona. Can sai ga wani dogo bahago, siriri kamar falwaya. Aka jefo masa ƙwallo ya kai sara ya sami iska, aka sake, aka sake, ya fita. Garin saran ƙarshe sandarsa ta ture kwalkwalin mai cafewa. Yaron nan ya sunkuya ya ɗauko, ya kakkaɓe ƙurar da hannun rigarsa, ya miƙa wa mai shi, sannan ya tafi.

Na ce, "Wannan nake so. Yana da tarbiyya."

Ƙanin matata ya yi dariya har ya zame daga kujera. "Yaya, ba fa aure za mu ba shi ba!"

Ya yi ƙoƙari ya fahimtar da ni. Ya ce ƙarfi kam yaron yana da shi, idan ya haɗu da ƙwallo sai a tsince ta a wajen ajiye motoci. Matsalarsa ita ce jifa mai lanƙwasa, wadda take tahowa kamar za ta zo kai tsaye sai ta zube ƙasa. Ba ya iya kallonta ya ƙyale. Dattijon Kumasi ya kalli ƙafafun yaron ya girgiza kai, ya ce ko tsintsiyar shagonsa ta fi su kauri. Na ce na ji, shi ɗin dai.

Ban san lokacin da abin ya shige ni ba. A ofishin wata jami'a nake aiki a Aldwych, kuma da can Alƙur'ani nake sauraro a jirgin ƙasan ƙarƙashin ƙasa ko labaran gida. Sai ga ni da safe ina duba yadda yarona ya kwana. Na koyi kallon inda yake ajiye ƙafar gaba, da yadda kafaɗarsa take buɗewa da wuri. Na fara faɗin abubuwa irin su "idonsa bai nuna ba tukuna" ba tare da na ji kunya ba. Rannan a kicin na ɗauki muciya ina gwada wa matata gyaran da ya kamata ya yi, na kai sara na kwashe murfin tukunyar miya har ƙofar falo. Ta bi murfin da kallo, ta dawo da idonta kaina.

"Maigida, in ka gama koyar da shi, ka tuƙa mana tuwon tunda muciyar tana hannunka."

'Yarmu babba, wadda take jin Hausa sarai amma sai dai ta amsa da Turanci, ta ce daga falo, "Baba, he doesn't even know you exist." Na ce mata ni na san da shi, ya wadatar.

Shekarar farko ba ta yi mana daɗi ba, ni da shi. Sara yake ta yi yana samun iska, har aka mayar da shi ajin baya. Mai jifan ƙanin matata ya ji ciwo a gwiwar hannu, aka yi masa aiki, aka ce sai baɗi. Gajeren yaron nan na dattijo kuwa a hankali yake hawa, dattijon kuma duk inda ya gan ni sai ya daki cinyarsa ya yi murmushi, ko a ƙofar masallaci ne. Suka ce don girmana sun yarda in saki bahagon in ɗauki wani. Na kwana biyu ina tunani. Abin ya ba ni mamaki, don ji na yi kamar an ce in kori yaron gida saboda ya faɗi jarrabawa. Na ce ba zan saki ba.

Da bazara ta zagayo sai na ga ya canja tsayuwa. Ya rage ɗaga ƙafa, ya ɗan durƙusa. Na ga an jefo masa mai lanƙwasar nan, ya bi ta da ido har ta faɗi ƙasa, bai motsa ba. A kan bas nake, daidai Charing Cross, na ce "Yawwa!" da ƙarfi har wata tsohuwar Baturiya ta matsar da jakarta. Daga nan ya riƙa hawa aji bayan aji. Ƙanin matata ya daina dariya, ya koma cewa dama shi ya ga alamar.

Dab da ƙarshen kakar wasa ya kira ni ina tsakiyar aiki. Ko sallama bai yi ba.

"Yaya, an kira yaronka! 'Yan wasansu sun jijji ciwo, an ce ya taho. Ranar Lahadi suna da wasan rana, nan zai kama bayan la'asar."

Na fita baranda na tsaya ina kallon jajayen bas-bas suna wucewa, ina ta murmushi ni kaɗai.

Ranar Lahadi muka cika falon Stratford, har da matanmu da yara. Na sa farar shadda. Aka fara wasa, yarona yana kan benci. Aka yi nisa, yana kan benci yana cin 'ya'yan wani abu yana tofar da ɓawo. Muka yi magariba muka dawo, yana nan. Dattijon Kumasi ya ce wataƙila gadin benci aka kira shi. Sai da wasa ya kusa ƙarewa muka ga ya miƙe ya ɗauki sanda. Ni ma na miƙe.

Jifa ta farko ya ƙyale ta. Na ce madalla. Ta biyu mai lanƙwasa ce, ya manta duk abin da ya koya, ya kai mata wani sara har ya kusa zama a ƙasa. Na rufe ido da hannu, ina leƙe ta tsakanin yatsu. Ta uku ta kuɓuce wa mai jifan, ta taho da gudu ta sami yarona a mazaunai, tim! Ya yi tsalle yana sosawa. Alƙali ya nuna masa tasha ta farko, don dokar wasan ita ce wanda aka jefa a jiki ya wuce kyauta. Ya tafi yana ɗingishi yana dariya, ni kuwa ina ta kabbara, hulata ta faɗi bayan kujera.

Matata ta ce, "Tsaya. Jifansa aka yi kake murna?"

Kafin in gama yi mata bayani an cire shi an sa wani mai gudu a madadinsa. Iyakar wasansa ke nan a ranar.

Nan musu ya tashi. Dattijon Kumasi ya ce sam bai yarda ba. "Mun ce yaro wanda zai buga ƙwallo, ba yaro wanda ƙwallo zai buga ba!" Ƙanin matata ya goyi bayansa, saboda ya hango tukwane. Aka kai ƙara wajen mata. Matar gidan ta ce da kunnenta ta ji sharaɗin, taka fili aka ce, kuma yaro ya taka, har da ɗingishi. Dattijo ya kalli matarsa ko za ta cece shi, ta ce gaskiya ce. Ya ce, "Mata na ma ya sayar da ni." Lahadin da ta biyo ya ɗaura atamfa a ƙugu ya dafa mana waken Gana da shinkafa da baƙin yaji, ya zuba mini da hannunsa yana gunaguni.

Yarona bai daɗe a sama ba. An mayar da shi, daga baya aka sallame shi, ya tafi wata ƙungiya a Koriya, inda na ji suna son sa ƙwarai. Har yanzu ina duba shi. Gajeren yaron nan na dattijo kuwa da ya hau bai sauko ba, yana can yana cafe ƙwallo a babban fili, dattijo ya manna hotonsa a shago kusa da cazojin waya, duk wanda ya shigo sai ya ji tarihin cinya.

Bana da muka zauna sabon zaɓe, matata ta jawo kujera ta ce a ba ta wayar. Ta daɗe tana kallon bidiyoyin, sannan ta nuna wani mai jifa mai kunnuwa fato-fato. Ƙaninta ya duba ya ce kai, wannan ai ba laifi. Na tambaye ta me ta gani a jikinsa.

Ta miƙa mini wayar ta ce, "Ka zaɓi naka tukuna."