Mis Verna, Mai Gyara Zaman Sirdi

Kafin rana ta gama fitowa a nan yammacin Oklahoma, Mis Verna Stovall ta riga ta hau tsohuwar taraktarta tana laushe ƙasar filin sukuwa. Taraktar ta girmi rabin mutanen garinmu, kuma ba ta tashi sai an lallashe ta. In ta gama, sai ta zuba wa dawakai ciyawa, ta ɗaga kofaton kowanne ta duba, ta mirgino duro uku ta kafa su a wurarensu. Sannan ta zuba baƙin kofi ta sha a ƙofar barga, a tsaye da ƙafa ɗaya. Rabin kofin a ƙafar dama, rabi a ta hagu. Shekarunta saba'in da shida. Ni da ban kai sittin ba na gwada sau ɗaya a gida, kofin ya kama gabansa, ni ma na kama nawa.

A ƙarshen watan nan Mis Verna za ta rufe ƙofar gonarta ta koma wurin 'yarta a Tulsa, domin idanu sun fara gardama. Na san ba za a buga hotonta a jarida ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tseren zagaya duro a kan doki a wurinmu harkar mata ce, kuma kowane mai horarwa yana rububin 'yan mata masu shekara goma sha biyar, waɗanda in sun faɗo daga doki sukan tashi su karkaɗe wando su sake hawa. Mis Verna ta zaɓi waɗanda in sun faɗo sai an kira motar asibiti. Matan da suka haura hamsin, masu jikoki, masu ƙarfe a gwiwa, waɗanda 'ya'yansu ke ce musu su huta haka nan. Fiye da shekara ashirin ke nan su take koya wa zama a kan sirdi, kuma ba ta taɓa kafa allo a bakin titi ba.

Ni dai ban taɓa zagaya duro ba. Sunana Delbert, aikina a wannan harka jan tirelar ɗaukar doki da mota, riƙe jakar matata Twila, da faɗin "kin yi ƙoƙari" da fuskar da ta dace da sakamakon ranar.

Shekara biyu da suka wuce aka yi wa Twila aiki a kwatangwalon hagu. Da ta warke ta koma kan goɗiyarta Ruby, wadda aka haifa a bargarmu, Twila ce ma ta jawo ta da hannunta daga cikin uwar. Duron farko, wanda ake juyawa dama, lafiya lau. Amma da an zo juyawa hagu, sai ka ji kwaram, duro na ƙasa yana birgima. Kowane duro da ya faɗi, alƙali ya ƙara miki daƙiƙa biyar, a wasan da ake cin mutum da ƙiftawar ido. Ta kayar a wannan gari, ta kayar a wancan, har yaran da ke tayar da duro suka fara matsowa kusa tun ana kiran sunanta.

Muka yi abin da mutanenmu suke yi, muka ɗora wa doki laifi. Muka canza linzami, muka sake canzawa, har ƙusar bayan ƙofar kicin ta cika da linzamai. Muka kira likitan dabbobi. Ya duba Ruby daga haƙori zuwa wutsiya, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya kalli Twila, ya kalle ni, ya ga babu mai son jin sauran maganar, ya rufe jakarsa. Twila kuwa ta ƙara wa ƙafafunta roba, irin wadda mahaya ke ɗaure takalmi da likkafa da ita don kada ƙafa ta zame.

Wata safiya muna karyawa ta ce, "Na gama. Ruby ta fi ƙarfina, ko ni na fi ƙarfinta, ban sani ba."

Ashe har ta yi magana da wani Mista Boyd Hatcher daga Texas, mai neman goɗiya don jikarsa. Sun shirya zai zo gasar kaka ta gundumarmu da tirelarsa. In Twila ta sake kayar da duro, daga filin zai wuce da Ruby, ita kuma ta rataye sirdi har abada. Ni na taɓa ganin Twila ba doki, a watannin jinyarta. Ba ta yi mini faɗa ko sau ɗaya ba. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Ƙawarta Maxine ce ta tilasta mata zuwa wurin Mis Verna. Muka isa da Ruby a tirela da jakar linzamai. Mis Verna ta sa Twila ta zagaya sau ɗaya a sassarfa, ta ce ta sauko.

"Wane linzami kike ganin ya dace, Mis Verna?" in ji Twila.

"Na wa? Naki ko na goɗiya?"

Ta kai mu cikin barga, ta jawo ma'aunin nauyi guda biyu daga ƙarƙashin benci, irin na banɗaki, ta jera su. Ta ce Twila ta ɗora ƙafa ɗaya a kowanne, ta rufe ido, ta tsaya yadda take jin ta miƙe daidai.

"Na miƙe," in ji Twila.

Mis Verna ta yafuto ni. "Kai, Mista Direba, zo ka karanta mana. Ko tabaranka ma yana cikin jakarta?"

Na sunkuya na karanta. Ma'aunin dama ya fi na hagu da nauyin ƙosasshen ɗan akuya. Na faɗa da murya ƙasa-ƙasa, domin ni zan koma gida da ita.

"Ma'aunin ne ya lalace," in ji Twila.

"To, juya ki canza ƙafa, 'yar nan."

Ta canza. Ɗan akuyan ya bi ƙafarta ta dama zuwa ɗaya ma'aunin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mis Verna ta dafa kafaɗarta ta ce, "Likita ya gyara ƙashin, amma ba wanda ya sanar da jikinki an gama. Har yanzu kina gudun zafin da ya tafi. Kin tattara kanki kin zauna a dama, sai ki karkato kafaɗa hagu don kada ki faɗi. Ruby tana jin kafaɗarki ta faɗa wajen duro, ta ɗauka can kike son zuwa, ta kai ki. Wannan goɗiya ba ta taɓa saɓa miki ba. Abin da kika ce take yi."

Twila ta sauko daga ma'aunin. Ta fita ta je ta tsaya a jikin Ruby, ta daɗe a can. Ni na tsaya da jakar linzamai ban san inda zan ajiye ta ba.

Daga ranar aka hana Twila sukuwa. Bazara guda cur tana hawa a tafiyar ƙasaita, ba likkafa, ba roba, tana koyon jin ƙasusuwan zamanta biyu a kan sirdi. Ta zagaya duro ukun da ƙafarta, kafaɗu a daidaice, ido a inda za ta, ba a kan duron da take wucewa ba. Kowace Talata da safe kuwa akwai taron barga: tsofaffi takwas ko tara a kan barguna, suna tashi daga benci ba dafa hannu, suna ɗaukar bokitin ruwa hagu da dama, suna kwanciya rub da ciki a kan gwiwar hannu suna riƙe jiki har ya fara rawa.

"Mis Verna, ni doki na zo hawa, ba soja na zo shiga ba!" in ji Maxine.

"Dokinki yana motsa jiki kullum, ke sai ranar gasa. Shi ke nan ya ɗauki buhun dankali ya yi gudu da shi?"

"Buhun dankalin nan ya haifi huɗu!"

"To ya ɗaga ƙugu, yana taɓa ƙasa."

Ni ina zaune a mota ina cin biredi mai zuma, ina jin daɗin abin, sai Mis Verna ta hango ni. "Mista Direba, wannan cikin naka kaya ne ko fasinja? Ga bargo." Haka na tsinci kaina tsakanin kakanni, ni ne farkon faɗuwa kowane mako. Sun sa mini suna, ba zan rubuta shi a nan ba.

Mis Verna, ke ce ba ki taɓa ce wa tsohuwa "har yanzu ke yarinya ce" ba. Kin ce musu sun tsufa, kuma tsufa yana da nasa salon hawa: a zauna da wuri kafin duro, a kama ƙahon sirdi, mariƙin nan na gabansa, ba kunya, a bar ƙarfin ciki ya yi aikin da gwiwa ta daina yi. Ke ce kuma da jiri ya fara kama Maxine a kan doki, ba ki jira ta faɗo ba. Kin zaunar da ita a kan damin ciyawa kin gaya mata gaskiya, ta zage ki tas, kin bari ta gama. Mako na gaba kika ba ta agogon auna gudu da kujera a bakin fili, har yau ita ce ke riƙe da shi, kuma ba a taɓa yin mai tsanani kamarta ba. Kin san wadda za a mayar kan sirdi, kin san wadda za a sauke, kuma duka biyun kin yi su ba tare da kin zubar wa kowa mutunci ba.

Ranar gasar kaka ta zo da iska. Mista Boyd ya iso da tirela mai sheƙi, ya faka ta kusa da tamu, har ya shimfiɗa sabuwar ciyawa a ciki. Mutumin kirki ne, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ɗaga mini hula, na ɗaga masa.

Twila tana motsa wa Ruby jiki a bayan fili, fuskarta ta yi fari fat. Mis Verna ta je ta dafa gwiwarta ta hagu.

"Wannan ƙafar taki ce, an biya kuɗinta. Zauna a kanta."

Aka kira sunanta. Ruby ta shigo kamar an harbo ta. Duron farko sumul. Suka ratsa fili zuwa na biyu, ni kuwa na riƙe jaka da hannu biyu kamar za a ƙwace. Twila ta zauna da wuri, kafaɗunta a daidaice, na gani da idona. Amma ƙasar wurin ta riga ta zurma saboda dawakan da suka gabata, Ruby ta ɗan zame, gwiwar Twila ta bugi bakin duron. Duron ya karkata, ya tsaya a gefe ɗaya yana shawara.

Twila ta saki ƙahon sirdi, ta miƙa hannu ƙasa ta ture duron ya koma mazauninsa, dokar gasa ta yarda da haka. Abin da doka ba ta bayarwa shi ne ƙarfin dawowa. Mace mai shekara hamsin da takwas, rabin jikinta a waje, goɗiya tana fizga da dukan ƙarfinta. Da bara ne, a ƙasa za mu tsince ta. Sai ga ta ta ɗago da ƙarfin cikinta ta koma tsakiyar sirdi, idonta a kan duro na uku. Ta zagaye shi ba ko gogawa, suka miƙe gida. Maxine tana ihu daga kujerarta har da kalmomin da ba a faɗa a coci.

Ba ta ci komai ba. Ta zo a tsakiyar jeri, inda ba a ba da ko tawul. Ta sauko tana haki, Mis Verna ta iso a hankali, hannu a aljihu.

"Kin kalli duron."

"Ya kusa faɗuwa, Mis Verna!"

"Shi ya sa na ƙyale ki. Kada ki saba."

Mista Boyd ya matso ya cire hula. Ya ce ya ga abin da ya gani, amma ko za a duba ƙarin da zai yi a kan farashi?

Twila ta miƙa mini ragamar Ruby ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce, "Mista Boyd, ka gaida jikarka. Ka ce ta zo ta neme ni in na kai saba'in, mu ga wa zai ci wani."

Ya yi dariya, ya bar mana ciyawar da ya shimfiɗa, ya ja tirelarsa ba komai a ciki.

Mun gode, Mis Verna. Matan da kika mayar kan sirdi sun gode, mazan da kika mayar wa da matansu sun gode, dawakan da aka daina canza musu linzami ba gaira ba dalili su ma da suna da baki da sun yi magana. Allah ya ba ki lafiya a Tulsa, ya ba 'yarki haƙuri.

Ku kuma masu horarwa, ku waiwayi tsofaffin da ke tsaye a bakin fili suna kallo, da yawansu ba su gama ba, wanda zai gaya musu gaskiya suka rasa. Masu tsohuwa a gida da ke son abin da take so, kafin ku ce mata ta zauna ta huta, ku nemi mai koya mata yadda za ta ci gaba. Irin Mis Verna ba su da yawa, amma abin da ta yi ba sihiri ba ne: ta kalli mutum da kyau, ta faɗa masa abin da ta gani, ta tsaya tare da shi har ya gyara.

A nan zan tsaya. Ruby tana harbin bangon barga don na makara da abincinta, Twila kuma tun ɗazu take ƙwala mini kira daga tsakar gida, tana yi mini faɗa da dukan muryarta.