Jan Layin da ke Kofin Malama

Shekara talatin da huɗu Baba Daidai ya yi yana haɗa magani a asibiti, a can ma ya samo sunan. In ya ɗaga kwalba saitin idonsa ya ga ruwa ya tsaya a kan layi, sai ya ce, "Daidai." A zamaninsu ma'auni ne da cokali, da 'yar takardar da ake liƙa wa kwalba a rubuta da alƙalamin tawada. Likitoci sun zo sun tafi, ba wanda ya taɓa kama shi da ragin ɗigo ɗaya.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyar da ɗinki, ta yi doguwar jinya bara, ta tashi tauna na yi mata wuya. Abu ɗaya take karɓa da daɗin rai da safe, ruwan lemu, kuma shi ke matse mata. Lemu huɗu, wuƙar aljihu, mataci, da wani kofin gilashi mai jan layi a wuya wanda abokan aiki suka ba shi ranar da ya aje aiki. Ƙarfe bakwai ya kai mata, ruwa a kan layi.

Sai yatsunsa suka fara ƙagewa. Ya matsa, ya matsa, ruwan ya tsaya ƙasa da layi. Ya ƙara lemu na biyar, hannun ya ƙi kai wa na biyar ɗin. Wata safiya ya waiga, ya ga ba kowa a ɗakin girki, ya zuba ruwan sha cokali biyu. Ruwa ya hau layi. Bai ce daidai ba. Tun daga ranar kullum sai ya zuba, kullum kuma ya miƙa kofin yana kallon labule.

Abin ya dame shi har ya tambayi 'yarsu ta waya, a kaikaice, wai ko akwai injin matse lemu na gida.

"Akwai mana, Baba! Ai tuntuni ya kamata ku saya." Kafin ya aje wayar ta ƙara da cewa, "Amma fa na ji an ce injin yana zubar da duk amfanin a cikin tuƙa. Gara a ci ɗan itacen haka nan."

"Uwarki ce za ta ci haka nan? Da wane haƙori?"

"To a saya."

"Yanzu kika ce yana zubar da amfanin."

"Eh, haka aka ce."

Ya aje waya, ya fi dā ruɗewa.

Washegari ya sa hularsa, ya ɗauki littafin rubutu da lemu huɗu a jaka, ya tafi kantin kayan girki. Mai kanti ya jera masa guda uku. Na farko na lantarki ne, yana juyi kamar zai tashi sama. Na biyu shi ma na lantarki, amma a hankali yake murzawa. Na uku ƙarfe ne zalla mai dogon hannu, a sa rabin lemu a danna.

"Wanne ya fi?" in ji Baba Daidai.

"Baba, na farkon nan ba na biyunsa. Sai dai ƙara, kuma yana dumama ruwan."

"To na biyun fa?"

"Shi ne sarki. Sai dai wanki, guntaye tara ake kwancewa."

"Kenan wanne ya fi?"

"Duka sun fi, Baba. Ya danganta."

"Ya danganta da me?"

"Da wanda kake so."

Baba Daidai ya ja layuka a littafinsa ya rubuta: ƙara, wanki, wuta, amfani. Kowane inji ya ci gida biyu ya faɗi gida biyu. Na ukun bai ma rubuta shi ba, don da ya gwada danna hannun, zafi ya harbe shi har gwiwar hannu, ya yi kamar yana duba fenti. Ya nemi a gwada da lemunsa, mai kanti ya ce in an jiƙa an saya. Ya komo gida da lemunsa huɗu yadda ya fita da su.

Kwana shida yana bitar littafin. In ya saya, Malama za ta tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne ciwon hannunsa, bayan hannun kuma akwai cokali biyun nan. In bai saya ba, gobe ma sai ya zuba.

A rana ta bakwai ya kai mata kofi. Ta kurɓa, ta aje.

"Maigida, yau cokali uku ka sa."

Ya zauna a bakin gado.

"Biyu ne," ya ce a hankali.

"To lemun ne ba zaƙi. Haƙora na rasa, ba harshe ba. Tun ranar farko na sani."

"Kika yi shiru?"

"Kai ma ai shirun ka yi. Na ce bari in ga iyakar gudun mai haɗa magani." Ta miƙa hannu. "Ba ni littafin nan da kake ɓoyewa a ƙarƙashin rediyo."

Ta sa tabarau ta karanta layukan tsaf. "Waɗannan biyun duk sai da wuta. Babu wanda ake yi da hannu?"

"Akwai. Ba zan iya danna shi ba."

"Wa ya ce kai za ka danna? Ni da na juya keken ɗinki shekara talatin? Bakina ne ya yi jinya, dubi damtsen nan."

Ranar Asabar 'yarsu ta kai su kantin a mota. Malama ta danna hannun ƙarfen sau biyu, ta ce wa mai kanti ya naɗe, ba ta ko kalli sarkin ba.

Da safe suka tsaya tare a ɗakin girki. Shi ya yanka, ita ta danna. Lemu huɗu, kamar kullum. Baba Daidai ya ɗaga kofin saitin idonsa, ya daɗe yana kallo, ya karkata shi wajen taga, ya sake kallo.

"Malama, ya wuce layi."

"To?"

"Ban san yadda ake yi da wanda ya wuce ba."

"Kurɓe shi har ya sauko," in ji ta. "Kai ma ai tsoho ne."