Takin Goggo a Gindin Katanga

A shekarun da buhun takin zamani ya fi ƙarfin albashina na koyarwa ne birni ya iso garinmu. Mun daɗe muna hango shi daga wajen Dawanau yana rarrafowa, gona bayan gona, amma ba mu zaci da katanga zai zo ba. Wani kamfanin gina rukunin gidaje ne, aka ce masu kuɗin suna ƙasashen waje, ba su taɓa taka ƙasar da suka saya ba. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, ina zana wa yara yadda birane ke cinye ƙauyuka, ban san zanen zai sauko daga allo ya biyo ni gida ba.

Duk masu gonakin bakin titi suka sayar, don yunwa ba ta bar wa kowa ƙarfin musu ba. Goggo ce kawai ta ƙi, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwarsa. Gonarta ƙarama ce, gadon ubanta, tana bayan filin da aka saya. Dillalin kamfanin ɗan garinmu ne, benci ɗaya muka zauna a firamare, amma tun da ya yi mota ya koma Alhaji.

"Goggo, ki karɓa tun ana ba ki," in ji shi. "Gonar da ba ta da hanya, me za ki yi da ita?"

"Ka gaida uwarka," ta ce. "Ka ce ina tambayar ƙafarta."

Kafin damina katanga ta tashi, ta toshe hanyar da kakanninmu ke bi da jakuna. Sai an zaga ta wani kwari mai santsi ake isa gonar. A nan Goggo ta zame da ƙwaryar fura a ka, ta karye a ƙugu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ba ta sake miƙewa sosai ba. Alhaji ya zo dubiya da ledar lemo, ya yi addu'a mai tsawo, da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya tambaya ko yanzu ta sake shawara. Karayar zan iya cewa ƙaddara ce. Tambayar nan ce ban yafe ba.

Akwai abin da masu zana taswirar ba su sani ba, shi kuma Alhaji sanyin mota ya mantar da shi. A wajenmu da damina ake neman hanya. Da an kwashe amfanin gona an sare kara, kowace gona hanya ce, mutum da dabba da mota, ba mai hana ka. Kuma da bazara muke kai taki. Tun kaka da kakanni sharar birni muke saya mu ciyar da ƙasa, balle a shekarun da na zamani ya gagara. Bisa al'ada tsibi-tsibi ake jibge shi a faɗin gona, a baza kafin shuka.

"Bana kada ka baza," Goggo ta ce daga kan tabarma, da bazara ta zagayo. "Tara min shi a gindin katangar, ya huta."

Na bi umarnin babba, kamar yadda nake koya wa yara. Direban tifa ya ratso gonakin maƙwabta ta baya, ya juye sharar birni. Na ƙara da kashin kaji, na samo tumbin shanu daga mayanka, don ba na son aikin rabi da rabi. A ɗaya gefen katangar kuwa gidan da suka ƙawata ne, mai baranda a sama, inda ake kawo masu saye su sha iska su ga yadda rayuwa za ta kasance. Ruwan farko ya sauka, rana ta buɗe a kan tsibin takin. Ƙudaje suka zo daga garuruwan da ban ma san suna da ƙudaje ba.

Na tsaya a gona ina kallon manyan motoci suna shiga a hankali suna fitowa da sauri. Wata Hajiya ta leƙo daga barandar, ta toshe hanci da gyale, ba ta ko gama zagayen ba.

Alhaji ya same ni a can, ya biyo ta kwarin, takalminsa duk taɓo.

"Haba Malam, kai da iliminka?"

"Da shi nake aiki, Alhaji. Ƙasa tana son taki, tare aka koya mana, kana barci. Kuma kayanku ne, daga birni muka kawo. Duba da kyau, wataƙila da ledar lemonka a ciki."

Ya yi barazanar duba-gari. Duba-garin ya zo, ya ga gona ce, ya ga taki ne, ya tambaye ni inda nake samun tumbi mai kyau haka.

Kafin a yi noman farko suka fasa katangar ta gefe, suka fitar da hanya daidai faɗin amalanke. Alhaji ya durƙusa gaban Goggo ya roƙi a kwashe tsibin.

"A baza rabi," ta ce min. "Ƙafa ɗaya suka bar min."

Sau ɗaya ta bi hanyar, a kan amalanke, ta ga geronta ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi. Ba ta ga wata daminar ba. Gonar tana hannuna yanzu, kuma takin zamani ya ɗan sauko, zan iya saye. Amma kowace bazara ina kiran direban tifa, ya san wurin juyewa ba sai na nuna masa ba. Gidan mai baranda har yau ba a rataya masa labule ba.