Bindiga biyu da igiyar rijiya

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon walda a unguwar Gurda da ke garin Sabha, wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo da wani dogon abu naɗe a bargo. Bafazzane ne, wato ɗan asalin yankin, amma yana jin Hausa, wai a bakin kakarsa ya koya. Ni ina ce masa Hajj, shi yana ce min usta, wato gwanin sana'a. Ya warware bargon a kan teburin aikina, sai ga bindiga irin ta sojojin Turkawa na da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba ta asali ba ce, kwaikwayo aka yi, amma wallahi ta yi kyau. Ƙotarta sai sheƙi, an yi mata ado da farin ƙarfe tun daga gindi har baki.

Ya ce, "Usta, wannan zoben ne yake motsi, ka liƙa min shi. Ranar Alhamis ɗana zai yi aure, shi zai harba ta a ƙofar gida, kamar yadda kakana ya yi."

Aikin minti biyar ne. Da na liƙa zoben na yi shiru, da babu wannan labarin. To, ni ɗan maƙera ne. Mahaifina bindigar mafarauta yake ƙerawa a ƙauyenmu ta wajen Maraɗi, kuma gudun wannan sana'ar ne ya kawo ni Sabha, don a lokacin gani nake ƙauyanci ce. Amma hannu ba ya mantuwa. Ina ɗaga ta na ji ba ta da nauyin da ya kamata. Na haska cikin bututun, na ga layin ɗinki ya miƙe tun daga sama har ƙasa, irin na tiyon ruwa.

Na ce, "Hajj, wannan ta ratayewa a bango ce. Kada a sa mata wuta."

Fuskarsa ta canza. Ya ce daga Tarabulus aka kawo masa ita, kuma mai sayarwa ya rantse ana harbawa. Ya ce yana da wata a ɗakin ajiya, ita ma kwaikwayon ce, baƙa ƙirin, mai nauyi kamar taɓarya, amma ba zai kunyata ɗansa da ita a gaban surukai ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai da kake haɗa ƙofa da taga, me ka sani a bindiga?"

Maganar ta yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Na san angon, gyaran wutar mota yake yi, da yatsunsa yake ci. Hannun hagunsa kuwa daidai kan ɗinkin nan zai riƙe.

Na ce, "A gidanmu bindiga ba ta hawa kafaɗar mutum sai ta yi magana sau uku a jikin itace. Ka kawo su duka biyun gonarka gobe da hantsi. In wannan ta jure, na yarda ka kira ni mai haɗa ƙofa har ƙarshen rayuwata."

Washegari muka haɗu a gonar dabinonsa, shi da angon da ni. Na ɗaure mai kyan a jikin dabino, bakinta na kallon tudun yashi. Na ɗura mata albarushi ba harsashi, na ɗaura igiyar rijiya a kunamar, muka koma bayan katangar tankin ruwa. Angon yana ta murmushi, yana tambayata ko a ƙasarmu haka ake tsoron bindiga.

Na ja igiya. Ta tashi lafiya lau, ƙara mai daɗi, hayaƙi fari. Hajj ya kalle ni.

Na sake ɗurawa, na ja. Lafiya lau. Wannan karon Hajj ya ce, "Usta, ko mu tafi gida a sha shayi?" A raina na ce, ɗan nan ka ja wa kanka, ka zo ƙasar mutane kana koya musu kayansu. Har na fara tunanin yadda zan riƙa bi ta bayan layi don kada mu haɗu.

Na ce, "Saura ɗaya, Hajj. Uku mahaifina yake yi."

A ta ukun ƙarar ta bambanta, kamar an buga tukunyar ƙarfe da ƙasa. Da hayaƙi ya lafa muka leƙa. Bututun ya tsage a kan ɗinkin, ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa, wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin dabinon har sai da na sa filaya na ciro shi. Angon ya tsaya yana kallon tafin hannunsa na hagu. Hajj ya zauna a ƙasa yana salati, ya daɗe bai ɗago ba.

Sai muka ɗaure baƙar. Sau uku tana tashi, ko gezau. Na duba ta ciki da waje, ƙarfe ɗaya ne aka huda, babu ɗinki, wanda ya yi ta ya san abin da yake yi. A nan na tuna ragowar ƙa'idar, na kuma yi da-na-sanin tunawa: bayan igiya, maƙerin da ya ce bindiga ta yi, shi ne zai fara sa ta a kafaɗarsa. Rabona da harbi ya fi shekara goma. Na ɗauka, na runtse ido na ja. Ta tokare ni na zauna daɓas a cikin yashi. Suka yi dariya har da hawaye, ni ma na taya su, kafaɗa kuwa sai da ta yi sati tana tuna min.

Kwana biyu na yi ina goge ta, na shafe ƙotar da mai har ta yi duhu mai kyau. Ranar Alhamis ango ya harba ta sau uku a ƙofar gida, mata suka rangaɗa guɗa. Hajj ya kamo hannuna a gaban baƙi ya ce, "Wannan ɗan maƙera ne, ubansa usta ne na gaske."

Da na kira mahaifina na ba shi labari, na zaci zai yabe ni. Abin da kawai ya tambaya shi ne, "Ka sa ta a kafaɗarka?" Na ce na sa. Ya ce, "To, madalla." Wannan madallar ta fi min duk wani yabo da na taɓa samu, ga shi bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu ba na jin kunyar cewa ni ɗan maƙera ne, da alfahari nake faɗa. Na gane waɗannan mutanen da nake wa kallon ƙauyawa ba sa yarda da sheƙi ko rantsuwar mai sayarwa, sai abin da suka gwada, kuma ba sa ɗora wa ɗan wani abin da ba su ɗora wa kansu ba.

Angon nan 'ya'yansa uku yanzu. Har yau in muka haɗu a hanyar masallaci, da hannu biyu yake gaishe ni. Bai sani ba, duk lokacin sai na saci kallon na hagun na ƙirga yatsun, biyar cif.