Mabuɗin Ƙofar Mata

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, kowa yana sauke jinka yana ɗora kwano, mu ma a ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni muka rushe tsohuwar majami'armu ta ciyawa, muka gina ta bulo. 'Ya'yana uku a lokacin, ban san ko harafi ɗaya ba. Sai da na aurar da ta farin sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Abin da nake da shi a wancan zamani baki ne, kuma ban taɓa yi masa rowa ba.

Majami'ar ƙofa biyu gare ta. Babbar tana gefen maza, ƙaramar tana gefenmu, mata da yara. Daf da ƙaramar akwai wani ɗan ɗaki da muke tara dammunan gero da dawa waɗanda ake kawowa ranar godiyar kaka. Da su ake ciyar da baƙi, a kuma kai wa matan da mazansu suka rasu idan damina ta yi nisa. Shekarar ta biyo bayan fari ne, kowane dami mun san gonar da ya fito da irin wahalar da aka sha a kansa.

Wata safiyar Asabar muka zo shara, muka tarar an ɓalle ƙofarmu, an kwashe kusan rabin geron. Ba a taɓa sanin wanda ya ɗauka ba, har yau. Washegari bayan sujada dattawa suka zauna a gindin maɗaci suna ta jajanta wa juna, ba wanda ya ce ga abin da za a yi. Mace ba ta magana a wannan zama. To, ni ban shiga zaman ba. Na tsaya nesa kaɗan, na juya musu baya, na fuskanci matar mai bisharar da ke kula da majami'armu kamar da ita nake hira, na ɗaga murya yadda ko na cikin gona zai ji. Na ce in maza ba za su iya tsaron geron da ba shi da ƙafa ba, su faɗa mana mu sani, mu kwashe abinmu mu mayar ɗakunanmu.

Maganar ta yi musu zafi, ta kuma yi aiki. Cikin sati biyu aka ɗauko mai walda daga Kazaure ya sa rodi a tagogi. Ni ce nake bin sa taga taga ina gwadawa, duk inda kafaɗar yaro za ta iya shiga sai in ce ya ƙara wani. Bawan Allah ya gaji da ni, har ya tambayi mijina ko ni ce injiniyar. Aka sayo kwaɗo biyu manya a kasuwar Babura, irin waɗanda ake shigowa da su daga ƙetaren iyaka, aka maƙala wa kowace ƙofa nata daga waje. Na yi ta yawo cikin mata ina jin kaina.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka, wadda kowa ke kira Iya. Ta tsaya ta dubi tagogin, ta ce to an hana ɓarawo shiga, amma mu da ke ciki fa, in wani abu ya taso? Na ce mata ai ranar Lahadi buɗe ƙofofin za a yi, ta daina neman magana. Ta ce to, Allah ya sa. Ta ja zanenta ta wuce.

Mabuɗin babbar ƙofa aka bar wa mai bishara, tunda gidansa yana nan kusa. Na ƙofar mata kuwa aka yi abin da aka saba yi a wurinmu, aka ba wanda ya fi kowa girma. Wannan kuwa surukina ne, mahaifin mijina, wanda shi ya fara karɓar bishara a ƙauyen, a filinsa ma aka yi ginin. Ba don zai iya zirga-zirgar aka ba shi ba, don kada a ce an tsallake shi ne. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaure a zariyar wandonsa, ƙulli kan ƙulli, kamar yadda tsofaffi ke adana abin da ba su so ya ɓata.

Lahadi biyu na farko ya buɗe mana. Amma gidansa yana can gona, ƙafarsa kuma ta fara nauyi, sai an yi waƙa ta biyu yake isowa. Kafin nan mun gaji da tsayuwa a rana, mun bi ta ƙofar maza mun zauna. Shi kuma in ya shigo ya ga kowa a zaune, sai ya wuce kujerarsa ta gaba. A haka a haka ƙofarmu ta daina buɗuwa gaba ɗaya.

Na yi wa mijina magana. Ya dube ni ya ce, "Yanzu ni zan ce wa Baba ya tashi ya zagaya ya buɗe ƙofa?" Na ce to ya karɓo mabuɗin. Ya ce wannan ai ya fi muni, kamar an ce masa ya tsufa ke nan. Mai bishara kuma baƙo ne daga ƙasar Filato, sa'an ɗan Baba, ya ce a yi haƙuri, wata rana da kansa zai lura. Ni kuwa da duk bakin nawa, Baba surukina ne. Ko sunansa ban taɓa furtawa ba. In na hango shi a hanya sai in ratse in durƙusa har ya wuce. Zan iya zagin taron dattawa da baya, amma ba zan iya ce wa wannan tsoho ɗaya ga abin da zai yi ba. Wata huɗu muka yi muna shiga da fita ta ƙofa ɗaya, mutum sama da ɗari.

Akwai kuma zuma. An shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon don rage zafi, ƙudan zuma suka samu tsakanin zanar da kwanon suka yi gida, daidai saman gefenmu. Kowa ya sani. Maza suka ce a bar su, in saƙar ta cika za su sa hayaƙi su ɗebe. Ba su taɓa harbin kowa ba, muka saba da gunjinsu.

Ranar Ista ta zo cikin bazara, rana kamar za ta fasa dutse. Baƙi suka zo daga wajen Gwiwa da Kanya Babba, majami'a ta cika har kan hanyar tsakiya. Wasu matanmu, da wata ƙawata a cikinsu, suna waje suna tuƙa tuwon baƙi. Ni ina gaba a gefen mata, ni ke buga tulu idan mata suna waƙa, kuma ranar na ba shi wuta don baƙi su san da mu. Ko kiɗan ne, ko zafin kwanon ne ya narkar da saƙar, ban sani ba. Mun dai ji zanar ta yi ƙara ta yage, saƙar zuma kamar faifai uku ta faɗo tsakiyar mata.

Ban iya kwatanta abin da ya biyo baya. Kowa ya nufi babbar ƙofa. Ƙyaurenta ciki yake buɗewa. Mazan da ke kusa suka fice, sai turereniya ta danno ƙyauren ya koma ya rufe, mutane suka taru a jikinsa, ba halin a jawo shi. Wasu mata suka ruga ƙofarmu suna dukanta da hannu. Kwaɗo yana waje, mabuɗi yana ciki. Tagogi kuwa ni da kaina na tabbatar ko yaro ba zai bi ta nan ba. Mata suna kwance goyo suna cusa jarirai cikin zane. Na hango Iya ta faɗi kusa da babbar ƙofa, ƙafafu suna bi ta kanta.

Na waiga na ga Baba a tsaye gaban kujerarsa, ya ɗage riga yana kokawa da ƙullin zariya. Zuma ta rufe masa fuska, ƙullin kuma ya yi wata huɗu ba a taɓa shi ba. Ina da reza a ƙulle a bakin zanena, ta yankan farce. Ban tuna na yi shawara da zuciyata ba. Na dai ga kaina durƙushe a gaban surukina, na kama zariyar wandonsa, na ce, "Baba, a gafarce ni," na yanke. Wandon ya sauka har ƙasa. Allah ya taimake mu duka rigarsa doguwa ce.

Na ruga taga na zura mabuɗin ta tsakanin rodi ina kiran ƙawata. Ta taho da muciya a hannu, ta karɓa, ta zagaya ta buɗe. Mata suka ɓarke waje. Da aka samu sarari, maza suka iya jawo babban ƙyauren. Masu tuwo suka kwaso itacen wuta da ɗanyen ganye suka turnuƙe ƙofofin da hayaƙi.

Ba wanda ya mutu. Kusan kowa ya kumbura, ni idona ɗaya kwana uku bai buɗe ba. Yara biyu aka kai asibiti Kazaure suka dawo lafiya. Iya ce ta karye a ƙugu. Aka kai ta wurin mai ɗori, ta yi wata uku a kwance, da ta tashi kuma ba ta sake tafiya ba sai da sanda.

Ni kuwa na shige ɗaki na ƙi fita. Ba harbin ya dame ni ba. Labari ya riga ya kai har Babura cewa wata mata ta tuɓe wa surukinta wando a gaban bagadi ranar Ista. Mijina in ya shigo sai ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta ci ƙarfinsa, ya fita. Na ce masa ya yi ta yi, ai shi aka haifa a gidan, ya kasa karɓo mabuɗi ɗaya wurin ubansa. Ya daina dariyar.

Shi ya ba ni labarin zaman da dattawa suka yi bayan sati. Ya ce kowa yana ta kewaye-kewaye, wani ya ce laifin zuma ne, wani ya ce na kafinta ne. Baba ya bar su suka gama, sannan ya ce tun da aka ba shi mabuɗin nan ya san ƙafarsa ba za ta iya ba, amma ya ji kunyar mayarwa, su kuma sun ji kunyar karɓa, ga shi kunyar ta karya Iya. A nan aka yanke a juya ƙyamaren duka su riƙa buɗewa waje, a fitar da hatsi daga majami'a a gina masa rumbu a gidan mai bishara. Aka ce kuma ba za a fara waƙar farko ba sai an ciro kwaɗon nan biyu an rataye su a ƙusa a gaba, inda kowa zai gan su. Mai waldan ya dawo ya yanke rodin taga biyu ya sa musu sakata ta ciki. Wannan karon ban bi shi ba.

Da maraicen ranar Baba ya zo gidanmu. Na ji sandarsa, na shige bayan ƙyaure na durƙusa. Ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci bango, ya yi magana kamar da ɗansa yake.

"Ka ba matar gidan nan wannan. Ita ke da bakin cewa a buɗe."

Ya ajiye mabuɗin a kan turmi ya juya. Daga ni har shi ba wanda ya sake tayar da maganar har ya bar duniya. Na dai ci gaba da ratse masa a hanya, har ma na ƙara nisa.

Shekara ashirin da wani abu mabuɗin nan ya yi a hannuna. Yanzu in na ji ana taron yadda za a tsare majami'a, ana maganar katanga da masu gadi da na'urar bincike a ƙofa, ba na cewa kada a yi. Zamani ya canza, abin tsoron yanzu ya fi ɓarawon gero. Tambayata dai biyu ce, kuma na sha ɓata wa mutane rai da su: in an rufe, ta ina na ciki za su fita? Wanda kuma aka ba mabuɗi, akwai wanda zai iya duban idonsa ya ce masa tashi ka buɗe? In babu, a karɓe a ba ƙaramin da za a iya yi wa tsawa. In girma ne, a ba dattijo kujerar gaba.

Iya ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba. Na je gaishe ta tana kwance, na fara kame-kamen ba da haƙuri, ta ce in bar surutu in gyara mata matashi. Da ta warke sai ta aiko jikarta ta gaya mini benci ya fi ƙarfin ƙugunta, kuma ni zan riƙa ɗauko mata kujerarta. Haka aka yi. Duk Lahadi in na cire kwaɗo na rataye, sai in bi ta gidanta in ɗora kujerar a ka, tana biye da ni da sanda, a hankali, tana gaisawa da duk wanda ta gani, ni kuma ina tsaye ina jira. Shekara tara muka yi a haka, ban yi fashi ba, ita kuma ba ta taɓa ce mini sannu ba.