Dzarma Mai Ƙaho a Shekarar Sittin da Shida

Mutanen unguwar Wulari ta Maiduguri na wancan zamani ba su san shi da wani suna ba sai Dzarma Mai Ƙaho. Babur ne daga ƙasar Biu, gajere mai faɗin ƙirji. Shekara tara ya yi a soja yana busa cikin 'yan badujala. Da aka sallame shi a 1958, sai ya sauka Maiduguri da matarsa Hajara da 'yarsu Bintu, ya kama gadi a wani siton gyaɗa. Ƙahon da wani hafsa ya bar masa kuwa, ya naɗe shi cikin tsumma ya tura ƙarƙashin gado.

Aloysius ne ya sa aka warware tsumman. Shi Ibo ne, mai shagon faifan garmaho a kasuwar Gamboru, yana kuma kaɗa jita. Tun da jirgin ƙasa ya iso gari, sabon faifan hailaif daga Legas ko Anacha ba ya sati biyu sai an ji shi a bakin shagonsa. Wata rana Dzarma ya zo wucewa, ya bi busar da ke cikin faifai da fito, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

"Kai, dawo nan!" in ji Aloysius. "A ina ka koyi wannan?"

"A bariki, Oga."

"To Soja, daga yau Asabar ɗinka tawa ce."

Su biyar suka haɗu suka kafa ƙungiyar kiɗa. Duk Asabar bayan la'asar suna kiɗa a tsakar wani otal, ƙarƙashin dalbejiya, akawuna da ma'aikatan jirgi suna ta rawa. Shekarar 1966 ta buɗe musu da goshi. Aloysius ya shirya wata waƙa da ta gauraya Ibo da Hausa da Barbarci, wani Babarbare mai suna Babakura ya ɗora mata ganga. Kafin damina har matan Yerwa na rera ta wajen daka. Wani ma'aikacin rediyo ya zo daga Kaduna da rikoda, ya ɗauka.

Daga nan sai ƙasa ta fara tsami. Filin rawa ya riƙa raguwa, Asabar bayan Asabar. Aloysius ya tura matarsa Nkiru da yara gida, shi ya tsaya. Da damina ta zo ƙarshe, wata safiya gari ya yamutse, aka far wa shagunan 'yan Kudu. Dzarma ya tsinci Aloysius a wani lungu, ƙafa ba takalmi, rungume da jita. Ya zura masa babbar riga, ya kai shi gida. Hajara ta ja buhunan dawa ta yi masa wuri a bayansu.

Rana ta uku aka ji za a kwashe masu tafiya Kudu a jirgin ƙasa, da rakiyar 'yan sanda. Aloysius ya ce zai bi.

"Kada ka fara, Oga," in ji Dzarma. "Tasha nawa ce tsakanin nan da garinku? Kowacce da masu jira. Ga iyaka nan kusa. Na san direba, Kashim, zai fita wajen Fort Lamy ta Chadi ɗauko kifi."

"Ka tabbata, Soja?"

"Na tabbata."

Aloysius ya yarda zai bi Kashim. Hajara ta ƙulla masa ƙosai. Jitar ya bar ta a nan, ya ce ta cika tonon asiri.

Bayan kwana takwas Kashim ya dawo. Dzarma ya same shi a tashar mota yana kwance igiya daga buhunan banda.

"Kun isa lafiya?"

"Ya sauka."

"A ina?"

"Soja, na ce maka ya sauka." Bai ɗago kai ba, kuma daga ranar ya daina bin layin da Dzarma yake.

Wata guda bayan haka wasiƙa ta zo daga Inugu. Wani maƙwabcin shagon Aloysius ne ya rubuto. Ya ce su da suka bi jirgi sun sha wuya amma sun isa, Nkiru kuwa kullum tana tasha tana duba fuskokin masu sauka, don Allah ina mijinta? Dzarma ya sa an karanta masa sau biyu. Ya je wurin mai rubuta wasiƙa ya zauna, aka ce ya faɗi abin da za a rubuta, ya rasa ta inda zai fara. Yana cikin jinkiri yaƙi ya tashi, hanyar wasiƙa ta toshe.

Wata rana da hantsi yana teburin mai shayi, sai ga muryar Aloysius daga rediyo, tas kamar yana zaune a kan bencin, da ƙahon Dzarma yana amsa masa. A tsakiyar waƙar akwai inda ya yi dariya ya ce, "Busa, Soja!" Dzarma ya miƙe tsaye bai sani ba, shayi ya zube masa a ƙafa. Tun daga nan kiran ya riƙa zuwa masa ko babu rediyo: a bakin sito, a kan keke, da rana tsaka. Ya waiwaya, ba kowa.

"Baban Bintu, ka bar wa Allah," Hajara takan ce masa. "Da kyakkyawar niyya ka yi."

"Ya tambaye ni ko na tabbata, Hajara."

Bai sake busa ba. Babakura ya yi ta zarya yana roƙonsa, har ya gaji ya koma kiɗan biki. Dzarma ya bar gadi ya zama ɗan kamasho a tashar motocin iyaka, inda yake tare duk direban da ya shigo yana kwatanta masa wani dogon mutum mai wushirya. Direbobi suka san shi. Don tausayi, wani ya ce ya ga mai kama da shi a Kusiri yana gyaran agogo, wani ya ce a Marwa. Dzarma ya san yawanci ƙarya ce, amma yakan yi godiya, ya ba su goro. Sau biyu ya biya mota ya je ya duba. A tafiya ta biyun, a 1969, mutumin da aka nuna masa ɗan Kamaru ne, bai ma jin Hausa. Dzarma ya gaishe shi da hannu biyu, ya sha ruwan da ya ba shi, ya kamo hanyar gida.